Dagin da Ya Ƙi Shiga Gurbinsa

Dagi goma sha biyu aikin yake buƙata, na fuskar gadon amarya da ƙofofin kabad ɗinta. An yanka takwas, daga zane guda, a inji guda, da hannun mutum guda. Huɗu suka faɗa gurbinsu salin alin, huɗu suka ƙi. Abin da ya hana kawuna sakat ke nan a shagonsa na kafinta a 'Yankuzo, cikin ƙaramar hukumar Tsafe, a wata kaka da amfanin gona ya zo gida, bukukuwa suka taso, kowane uban amarya yana son kayan ɗaki kafin ranar jere.

Sai na fara bayyana aikin, don wanda bai saba da shagon kafinta ba ya gane inda gizo ke saƙa. Kawu yana da wani ƙaramin inji da ya sayo na hannu a Kano, yana ce masa zarton zane. Ɗan teburi ne na ƙarfe da hannuwa biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙarƙashi, suna riƙe da wani siririn tsinken zarto mai tsawon inci 5, kimanin santimita 13. Tsinken hawa yake yana sauka, tafiyarsa ba ta wuce kamar santimita 2 ba, haƙoransa duk suna kallon ƙasa. Mai yanka shi ke juya katakon a kan teburi yana bin layin fensir. Da wannan inji ake fitar da fure da haruffa da dagin Arewa, abubuwan da zarton hannu ba zai iya bin kwanarsu ba.

Dabarar Kawu ita ce ya haɗa katako biyu ya yanka su lokaci guda. A ƙasa jan maɗaci mai kaurin milimita 12, a sama farin filawud mai milimita 6. Ya kama su da ƙananan ƙusoshi a gefen da za a zubar, ya manna takardar zane a kai. In an gama yanka an raba su, sai ya ɗauki dagin maɗaci ya sa a ramin da ya fita daga filawud. Tunda maɗacin ya ninka filawud kauri, sai jan dagin ya taso sama da farin fili, hannu ya ji shi, ido ya gan shi daga nesa. Wannan hikima tsohuwa ce. André-Charles Boulle, kafintan Sarkin Faransa Louis na 14, wanda ya rayu daga 1642 zuwa 1732, da ita ya yi suna: yakan haɗa fallen tagulla da na ƙoƙon kunkurun teku ya yanka su tare, ya sa na wannan a gurbin na wancan, ya sami ado biyu daga yanka ɗaya. Amfanin haɗa su shi ne ko hannu ya ɗan kauce daga layi, duka biyun ne suka kauce tare, don haka dole su dace. Abin da ya sa ƙin shigar dagin ya ɗaure wa Kawu kai ke nan. A ka'ida bai kamata ya yiwu ba.

Sararin da ke tsakanin dagi da gurbinsa shi ne kaurin tsinken kawai, kuma tsinke mai lamba 5 da suke amfani da shi bai kai rabin milimita ba. Duk kuskuren da ya wuce haka, dagi zai cije.

Masu zama a bencin ƙofar shago kowa ya kawo tasa fassarar. Wani ya ce baki ne, aikin ya yi kyau da yawa. Wani ya ce injin ne ya tsufa. Kawu ya ce a bari a tambayi katakon tukuna. Ya jera takwas ɗin a kan benci. Da ma al'adarsa ce ya rubuta lamba a kan takardar kowane haɗi don kada dagi ya ɓace wa abokinsa. Na 1 da na 2 sun shiga, na 3 da na 4 sun ƙi. Na 5 da na 6 sun shiga, na 7 da na 8 sun ƙi. Biyu-biyu, a jere. Ya yi shiru yana lissafi, sai ya ce kullum biyu ake yankawa da hantsi, biyu bayan azahar. Waɗanda suka shiga duk na safe ne.

Wanda ke yankan yaron shagonsa ne, saurayi mai natsuwa da ya daɗe a hannunsa, kuma idonsa ya fi na Kawu kaifi a kan layin fensir. Safe da yamma shi ke yanka. Bambancin kawai, da safe Kawu yana nan shi ke haɗa katakon, bayan azahar kuwa yakan tafi gona ko wajen masu ba da aiki ya bar yaron shi kaɗai.

Zargi na farko da ya zo shi ne zamewa. In ƙusa ba ta kama sosai ba, katakon sama yakan motsa a kan na ƙasa ana tsakar yanka, sai zanen biyu su saɓa. Kawu ya tattaro gefunan da aka zubar na lamba 3, ya ɗora filawud a kan maɗaci, ya mayar da ƙusoshin cikin ramukansu na asali. Suka shige daidai, ramukan ba su buɗe ba, ba su yi tsawo ta gefe ba yadda rami kan yi in katako ya ja ƙusa. Haka na 4 da na 7 da na 8. Yaron ya kama haɗinsa da kyau. Aka ajiye wannan zargi.

Na biyu teburin inji. In teburi ya karkace ko da digiri 2 ne, tsinke zai yanka a kishingiɗe, kuma a kaurin milimita 18 wannan karkata ta haura rabin milimita tsakanin sama da ƙasa, ta isa ta hana dagi shiga. Akwai ma masu karkatar da teburin da gangan don dagi ya zauna a matse ba tare da tazara ba, amma wannan sai da gwaji da lissafi. Kawu ya ɗauki guntun katako mai kauri, ya ɗan tsaga shi da tsinken, ya kashe inji, ya juyo da guntun ta bayan tsinke ya gwada ko tsagar za ta shiga. In teburi a miƙe yake, tsaga takan haɗiye tsinke ba gardama. In a karkace yake, karkatar takan ninka, tsagar ta ƙi. Ta shiga. Ko ba wannan gwaji ma, teburi ba ya karkacewa da yamma ya miƙe da safe. Sannan karkatar teburi kan sa dagi ya matse ko ya yi sako-sako ta ko'ina daidai wa daida. Waɗannan kuwa da Kawu ya shafa musu alli a gefe ya danna su a gurbi, allin ya nuna inda suke cijewa: a kwanoni kawai. Inda layi ya miƙe lafiya lau suke. A wata kwanar maɗacin ya yi ƙari, a wata kuma ya yi rami har haske na wucewa.

Ni na kawo zargi na uku, na ce ko maɗacin bai gama bushewa ba, ga hunturu ya fara busowa, yana tsukewa kafin a gwada shi. Kawu bai yi watsi da maganar ba, don ya sha ganin ƙofar da aka yi da damina ta buɗe baki da rani. Amma ya nuna mini dalilin da ya sa ba ita ba ce. Katako ta faɗinsa yake tsukewa, ta tsawon jijiyarsa kusan ba ya motsi. Da bushewa ce, dagin zai rame ta ɓangare ɗaya ya bar tazara hagu da dama, ba zai yi ƙari ba. Kuma duka takwas ɗin daga falanki guda suka fito.

Daga nan ya koma kallon fuskar yankan kanta, wato gefen da tsinke ya bi. A nan na ga yadda kafinta ke karatu. Ya ɗaga dagi na 2 zuwa hasken ƙofa: gefensa ja ne sumul, har da ɗan sheƙi. Ya ɗaga na 3: a kowace kwana akwai baƙin tabo, launin ƙuna, da ya kai hanci sai ya ji ƙauri. Filawud ɗin bai ƙone ba, maɗacin kaɗai. Ya jingina sikwaya a gefen na 2, ta kwanta ba rata. A gefen na 3 kuwa, wajen kwana, ƙarfen ya taɓa tsakiya ya bar sama a buɗe. Yankan ba a miƙe yake ba, ya yi ciki.

Ƙuna da ciki a wuri guda labari ɗaya suke bayarwa. Tsinke a ɗaure yake ta sama da ta ƙasa kawai, tsakiyarsa babu abin da ke riƙe ta sai ɗaurin. In haƙora sun dakushe, ko garin katako ya toshe tsakaninsu, yanka yakan yi nauyi, mai yanka ya ƙara turi ba tare da ya sani ba. Sai tsakiyar tsinken ta ja da baya, ya lanƙwashe kamar baka. A miƙaƙƙen layi wannan lanƙwasa ba ta ɓata komai, don cikin tsagar take. Amma da an zo kwana an juya katako, saman tsinke ya riga ya isa inda za a juya, tsakiyarsa tana baya, sai kowane tsayi na katakon ya sha tasa kwanar daban. Zafi kuma yana ƙara dagula abin. Ƙarfe mai tsawon santimita 13 in ya ƙara zafin digiri 100 yakan miƙe da abin da bai kai kashi 2 cikin 10 na milimita ba. Kaɗan ne a ido, amma ya isa ya sassauta ɗauri, tsinke ya ƙara samun damar lanƙwasa.

Kawu ya kwance tsinken da ke inji ya miƙa mini. Haƙoran sama da na can ƙasa sababbi ne fil, yatsa na jin kaifinsu. Wani ɗan yanki a tsakiya kuwa ya yi sulɓi, launinsa ya koma shuɗi-shuɗi. Wannan yankin kaɗai ke aiki, tunda tafiyar injin gajera ce. Ya tambayi yaron yaushe yake canza tsinke.

"Sai ya karye, Baba. Ko da safe in za mu fara."

Magana ta fito, a ganinmu. Da safe tsinke sabo ne, kafin azahar maɗaci ya cinye shi, don maɗaci ya kusa ninka farin katako irin obece nauyi, ya kuma fi shi tauri nesa ba kusa ba. Don a tabbatar, ran nan Kawu bai je gona ba. Bayan azahar ya sa sabon tsinke, ya haɗa katako da hannunsa, yaron ya yanka na 9. Ya faɗa gurbinsa ba ko dannawa. Kawu ya ba yaron tsinkaye biyu ya ce daga yau bayan azahar a sa sabo, kada a yi tsumulmula da abin da zai ɓata falanki.

Washegari ya tafi harkarsa. Da ya dawo gab da la'asar sakaliya, na 10 yana kan benci, an yanka shi da sabon tsinke, ga tsohon nan a ajiye a gefe shaida. Ya ƙi shiga. Ga ƙuna a kwanoni, ga ciki, kamar ba a canza komai ba.

Ban taɓa ganin ran Kawu ya ɓaci kan katako irin na wannan yammaci ba, kuma yana da dalili. Falankin maɗaci mai kyau ba a bayan shago ake tsintarsa ba, sai an bi hanya zuwa Tsafe, daga can Gusau, wani lokaci sai an yi saƙo Na'ibawa 'Yan Katako a Kano. Kowa a yankin nan ya san hanya ba ta biyuwa kowane lokaci saboda 'yan bindiga, kuma ba mai son rana ta faɗi yana kanta. Duk dagin da ya lalace, ba kuɗi kaɗai ya ci ba. Duk da haka bai ɗaga wa yaron murya ba. Ya sallame shi ya tafi gida, ya zauna da dagi na 9 a hannun dama, na 10 a hagu, yana juya su.

A juyawar ne ya tsaya. Ya ce in kawo yatsana in shafa bayan na 9, wato fuskar da ta kwanta a kan teburi. Gefen yankan yana da kaushi, ƙananan zaruruwa sun tsattsage sun miƙe, sai an bi da samfefa. Ya ce in shafa bayan na 10. Sumul, ko zare ɗaya babu, kamar an riga an goge shi. Muka juya sauran. Na 1, na 2, na 5, na 6, duk da kaushi a baya. Na 3, na 4, na 7, na 8, duk sumul. Dagin da suka lalace sun fi masu kyau tsabtar baya.

"Ka gane?" in ji shi. Na ce a'a, Kawu.

Ya ce haƙoran tsinke ƙasa suke kallo, a saukowa suke ci. In sun fito ta ƙasan katakon da ke kwance a kan teburi, babu abin da ke tare zaruruwan itacen, don akwai rami a teburin inda tsinke ke wucewa, sai su tsage. Katakon da ke da wani a ƙarƙashinsa kuwa ba ya tsagewa, na ƙasan ya tokare shi. Shi ya sa bayan filawud ɗin sama kullum sumul yake. To in bayan maɗaci ya fito sumul, ba shi ne a ƙasa ba lokacin da aka yanka shi. Akwai katako na uku.

Ya tashi ya kunna tocila ya duba tarin gari a ƙarƙashin inji. Ƙusar inci 1 suke kama haɗi da ita. A kaurin milimita 18 bakinta yakan leƙo ta ƙasa, sai an datse shi da filaya don kada ya karce teburi, kuma ga 'yan guntayen nan a ƙasa, na haɗin safe. Adadinsu bai kai na haɗi goma ba. In kauri ya kai milimita 24, ƙusar da ƙyar take leƙowa, bugun hama ɗaya ya kwantar da ita, babu abin datsewa.

Da safe yaron ya zo ya gaishe shi, Kawu ya amsa, ya bari ya share shago, sannan ya ce, "Ɗana, ina na ukun?"

Yaron ya sunkuyar da kai. Ya shiga bayan wata kabad da ba a gama ba, ya fito da fallayen filawud biyar, kowanne da ramin dagi, da fararen dagin da suka fita daga cikinsu, a ɗaure da tsumma. Bayan kowanne kaca-kaca da tsagewa. Ya ce ya ji Baba yana cewa bayan wannan aiki akwai wata kabad mai son farin dagi a kan ƙofa, kuma ya ga yadda ake auna fetur kafin a zuba wa janareto. Sai ya yi tunanin in ya ƙara falle ɗaya a ƙasa, man yau zai yi aikin gobe. Ya so ya tara su ya nuna wa Baba a ƙarshe. Da dagin suka fara ƙin shiga bai haɗa abin da fallen nasa ba, don a ganinsa filawud mai laushi ne, ba zai hana komai ba. Daga baya da ya fara zargi, tsoro ya hana shi magana, ya sa rai sabon tsinke zai gyara.

Ni ban ga laifin tunanin yaron ba, kuma ina ganin duk wanda ya zauna a Zamfara a shekarun nan zai fahimce shi. A 2021 an hana sayar da fetur a jarka, an rufe kasuwannin mako, aka katse layukan waya a faɗin jihar don yaƙi da 'yan bindiga. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka sanar da cire tallafin mai, cikin kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500. Yaron da ya koyi sana'a a wannan zamani ya tashi yana lissafin kowane minti da janareto ke ruri. Abin da bai sani ba shi ne tsinke ba ya ƙirga katako ɗaya-ɗaya, jimillar kaurin yake ji. Milimita 6 da ya ƙara ta sa haɗin ya kai 24, ya wuce tafiyar tsinken, ta yadda akwai haƙoran da ke hawa da sauka ba sa fitowa waje su zubar da gari. Garin ya cushe, ya yi zafi, ya ƙone maɗaci. Sannan fallen ya ɗaga maɗacin ya mayar da shi tsakiyar haɗi, mai tauri a tsakanin masu laushi biyu, daidai inda tsinke ya fi yin ciki. Ga kuma gaggawar a gama kafin Baba ya dawo, wadda ta ƙara wa hannu nauyi a kwana. Dakushewar tsinke da muka kama da farko gaskiya ce, amma rabin labarin ce.

Kawu bai hana falle na uku ba. Ya ce yaron ya gano wani abu da shi bai taɓa kula da shi ba a shekarunsa na aiki, tunda ga bayan maɗaci ya fito ba ya buƙatar samfefa, kuma goge bayan dagi mai lunguna aiki ne mai cin lokaci. Sai suka sake tsarin. A ƙasa yanzu siririn filawud mai milimita 3 suke sawa, wanda zai ɗauke tsagewar, haɗin ya tsaya a 21. In ana son farin dagi mai milimita 6 na wani aikin, a haɗa filawud da filawud a yanka su daban, uku a lokaci guda, tunda taurinsu ɗaya. Ya sa aka nemo tsinke mai lamba 7 mai haƙora a warwatse, wanda ke da fili tsakanin haƙori da haƙori don gari ya fita. Ya koya wa yaron ya riƙa kaɗa tsinke da farce kafin ya kunna inji, in ƙarar ta fito siririya a tsaye ɗauri ya yi, in ta yi kauri a ƙara, kuma a sake kaɗawa bayan an yanka 'yan mintoci don sabon tsinke yakan saki. Suka fara naɗe haɗin da farin salatif na kwali kafin su manna zane, wanda ke rage ƙuna a itace mai tauri. A kwana kuma, yaron ya sassauta turi ya ba tsakiyar tsinke damar kamo samansa kafin ya juya.

Cikin dagi biyar da suka cije, uku ƙarinsu bai yi yawa ba, Kawu ya naɗa samfefa a jikin fensir ya bi kwanonin har suka zauna, ya cike 'yan ramukan da garin maɗaci da gam. Biyu sun yi nisa, aka sake yanka su tare da na 11 da na 12 daga ƙarshen falankin, wanda da ƙyar ya isa. Fararen dagin yaron guda biyar kuwa aka goge bayansu aka ajiye wa kabad ɗin da ke tafe, Kawu ya ce a lissafa masa kuɗinsu daban in mai aikin ya biya.